Gona, Injin Katako da Coci: Nazarin Rayuwar Josiah Henson

1.0 Gabatarwa

Tarihin rayuwa reshe ne na zube wanda duk ɗalibin Hausa yake cin karo da shi tun a shekarunsa na farko a jami'a. Sau da yawa idan aka ba mu aikin nazari a wannan fage, sarakuna da malamai da 'yan siyasa muke ɗauka, domin su ne aka fi rubuta labarinsu. A wannan maƙala na zaɓi in ɗauko wani manomin ƙauye, mai kula da injin yanka katako, kuma jagora a cocin ɗariƙar Metodis, wato Josiah Henson, wanda aka haifa cikin bauta a Amurka, ya rasu yana ɗa a ƙasar Kanada a shekarar 1883.

Dalilan da suka sa na zaɓe shi guda biyu ne. Na farko, rayuwarsa ta nuna yadda noma da sana'a da addini suke haɗuwa a jikin mutum guda a karkara. Na biyu, hanyar da labarinsa ya bi ya iso gare mu, da abin da ya faru da laƙabin da aka liƙa masa, darasi ne babba ga mai nazarin harshe. Zan fara da tarihin, sannan in fito da darussan.

2.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

Bisa ga abin da ya faɗa da bakinsa, an haifi Henson ranar 15 ga watan Yuni, 1789, a wani gandu kusa da garin Port Tobacco, a jihar Maryland. Abu na farko da ya iya tunawa a rayuwarsa shi ne ranar da ya ga mahaifinsa jina-jina. Uban ya doki Baturen da yake kula da gandun saboda ya kai wa matarsa hari, sai aka yi masa bulala 100, aka yanke masa kunne, daga baya aka sayar da shi zuwa kudu. Tun daga nan ba su sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan mutuwar ubangidan uwarsa, aka yi gwanjon bayinsa, aka raba ta da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Wani maƙeri mai gandu, Isaac Riley, ya sayi uwar. Yaron kuwa wani ne ya saye shi, amma da rashin lafiya ta kama shi har aka fid da rai, sai aka miƙa wa Riley shi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A hannun uwarsa ya warke.

A gandun Riley ya girma, ya zama ƙaƙƙarfa mai kaifin hankali, har aka ɗora shi a kan sauran bayi. Shi yake tsara aikin gona, shi yake kai amfanin kasuwannin Georgetown da Washington ya sayar. A nan ya koyi ciniki da lissafin kai, alhali bai san ko harafi ɗaya ba. A wannan lokaci ne kuma wani Bature mai kula da gandun maƙwabta ya yi masa kwanton ɓauna da mutanensa, suka karya masa kafaɗu. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake iya ɗaga hannuwansa zuwa kansa ba.

3.0 Yadda Manomi Yake Zama Jagoran Coci

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci tsarin ɗariƙar Metodis, domin shi ne ya buɗe wa Henson ƙofa. John Wesley (1703-1791) ne ya assasa wannan tafiya a Ingila. Ya rarraba mabiyansa zuwa ƙananan rukunoni na kimanin mutum 12, kowane rukuni da shugabansa, suna haɗuwa mako-mako. Haka kuma ya yarda da masu wa'azin sa-kai, wato mutanen da suke sana'arsu a ranakun aiki, ran Lahadi su hau mumbari ba tare da albashi ba. Saboda haka manomi ko kafinta ko maƙeri yana iya zama jagora idan jama'a sun shaidi halinsa da iya bakinsa, ko da bai je makarantar horar da fastoci ba. Wannan ɗariƙa ce ta iso Badagry a shekarar 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman, abin da ya sa cocinta ba baƙo ba ne a garuruwan kudancin ƙasar nan.

Wesley ya rubuta ɗan littafi yana la'antar bauta a 1774, amma mabiyansa na Amurka ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Wasu sun mallaki bayi, har rigimar ta raba cocin gida biyu a 1844, na arewa da na kudu.

Henson yana ɗan shekara 18 ya ji wa'azin wani mai gasa burodi a kan cewa ceto na kowa da kowa ne, da bawa da ɗa. Wannan magana ta shige shi ƙwarai. Ya riƙa haddace ayoyin da ya ji, yana yi wa 'yan'uwansa bayi wa'azi da su. A 1828 cocin Metodis ta amince da shi a matsayin mai wa'azi, alhali yana bawa, kuma bai iya karanta Littafi Mai Tsarki ba.

4.0 Alkawari da Yaudara

A shekarar 1825 bashi ya yi wa Riley katutu. Don kada masu bin sa su ƙwace bayinsa, sai ya roƙi Henson ya kai mutum 18 wurin ɗan'uwansa Amos Riley a jihar Kentucky. Henson ya ɗauki alkawari. Suka yi tafiyar ƙasa, sannan suka shiga jirgin ruwa a kogin Ohio. Da suka yada zango a birnin Cincinnati, inda doka ta haramta bauta, baƙaƙen fata 'yantattu suka kewaye su suna cewa su sauka, sun riga sun kuɓuta. Henson ya ƙi. Ya umarci a kwance jirgi, ya kai su Kentucky bai rasa ko mutum ɗaya ba.

Masu iya magana kan ce alkawari kaya ne. Tambayar da wannan labari ya jefo mana ita ce, kayan wa aka ɗauka, kuma a kan wuyan wa? Bayan shekara uku aka sayar da waɗannan mutane zuwa gandayen kudu. Daga baya Henson ya ga wasunsu a garin Vicksburg, yunwa da cuta sun lalata su. Ya ce nadamar abin da ya yi a Cincinnati ba ta rabu da shi ba har tsufansa.

Shi kansa bai tsira daga yaudara ba. Ya tara kuɗi ta hanyar yawon wa'azi, ya yi ciniki da Isaac Riley a kan zai fanshi kansa dala 450. Ya biya 350 a hannu, saura 100. Da ya koma Kentucky sai ya tarar an aiko da labari cewa kuɗin fansar dala 1,000 ne, wato saura 650. Ba shi da shaida, ba ya iya karanta abin da aka rubuta. Ba a jima ba aka sa shi a jirgi zuwa New Orleans tare da ɗan Amos don a sayar da shi. Wata rana da dare ya ɗauki gatari zai kashe abokan tafiyar, sai tunanin imaninsa ya riƙe masa hannu. Ana gab da sayar da shi zazzaɓi ya kwantar da ɗan ubangidan, Henson ya yi jinyarsa ya komo da shi gida. Da ya ga ko wannan bai sauya niyyarsu ba, sai ya yanke shawarar gudu.

A watan Satumba na 1830 ya tsallake kogin Ohio da dare, shi da matarsa Charlotte da 'ya'ya huɗu, ƙananan biyu a cikin jaka a bayansa. Suna tafiya da dare, suna ɓuya da rana. 'Yan asalin ƙasar Amurka sun taimake su a daji, wani matuƙin jirgi kuma ya ɗauke su daga Sandusky zuwa Buffalo. Ranar 28 ga Oktoba, 1830, suka taka ƙasar Kanada.

5.0 Gona: Tushen 'Yanci

A Kanada ya fara da ƙwadago a gonar wani Bature kusa da Fort Erie. A can ne babban ɗansa Tom ya shiga makaranta. Yaron yakan karanta wa uban ayoyi kafin wa'azin Lahadi, har ranar da ya gane cewa babansa bai iya karatu ba. Sai ɗa ya zama malamin uba, suna darasi da dare bayan an tashi daga gona. Henson ya haura shekara 40 a lokacin. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Da ya dubi halin 'yan'uwansa da suka gudo, sai ya lura da kurakurai guda biyu. Na farko, suna karɓar hayar daji, su sare itatuwa, su gyara ƙasa, da wa'adi ya cika sai mai fili ya karɓe abinsa gyararre. Na biyu, kusan dukkansu taba suke nomawa, domin ita suka saba da ita a gandayen bauta. Taba ta yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi, ga shi kuma sai sun sayi abinci da tsada. Henson ya riƙa bi ƙauye-ƙauye yana jan hankalinsu su noma abin da za su ci, su tara kuɗi su sayi ƙasa tasu. A ganinsa wanda ya tsere wa ubangida amma bai mallaki gona ba, da sauran igiya a ƙafarsa.

Wannan tunani ne ya haifi matsugunin Dawn, a bakin kogin Sydenham, kusa da garin Dresden na lardin Ontario a yau. A 1841, shi da wani ɗan mishan mai suna Hiram Wilson suka sayi eka 200 da kuɗin da James Cannings Fuller ya tara a Ingila. A 1842 aka buɗe makarantar British-American Institute, inda ɗalibai suke haɗa karatu da aikin hannu. Jama'a suka yi ta zuwa suna sayen filaye kewaye da makarantar, har yawansu ya kai kimanin 500. Suna noma alkama da masara da taba. Henson ma ya sayi gonarsa a nan, ita ce ta riƙe iyalinsa har ƙarshen rayuwarsa.

6.0 Injin Katako

Ƙasar Dawn kurmi ce mai manyan itatuwa. A ciki akwai walnat, itace mai tauri da duhun launi, wanda kafintocin can suke darajawa kamar yadda namu suke daraja maɗaci. Manoma kuwa sarewa suke yi su ƙone don su sami wurin shuka. Wannan asara ta dami Henson. Ya yi tattaki zuwa jihar New York da yankin Boston, ya ga yadda injinan katako suke aiki, ya kuma ji farashin da ake sayen irin itacen da suke mayarwa toka.

Lissafin a fili yake. Gungume ɗanye yana da nauyi, kai shi kasuwa mai nisa ya fi ƙarfin manomi. Idan aka tsaga shi falankai aka busar, nauyi ya ragu, daraja ta ƙaru, aikin yi kuma ya samu ga matasan gari. Wasu attajiran Boston suka ba shi rancen kuɗi, aka kafa injin yanka katako a Dawn, shi ne kuma ya ɗauki nauyin tafiyar da shi. Ya riƙa loda katako a jirgin ruwa yana kaiwa Boston da kansa. Bayan injin katako, matsugunin ya sami injin niƙa da wurin yin bulo.

A 1851 aka yi babban baje kolin duniya a birnin Landan. Henson ya tafi da falankan walnat guda huɗu, aka goge su har mutum yana ganin fuskarsa a jiki. Da yake jirgin Amurka ne ya ɗauko su, jami'in Amurka ya dage sai an ajiye su a rumfar ƙasarsa. Henson bai yi jayayya ba. Ya samo mai fenti ya rubuta a kansu da manyan haruffa cewa wannan aikin wani bawa ne da ya gudo daga Amurka, yana zaune a Dawn ta Kanada. 'Yan kallo suka yi ta taruwa suna dariya. Ba shiri aka mayar da kayansa zuwa rumfar Kanada. Ya koma gida da lambar yabo ta tagulla. Mutumin da aka cuta da rubutu a 1829, ga shi ya rama da rubutu bayan shekara 22.

7.0 Bashi, Rigima da Ƙarshen Rayuwa

Mai nazarin tarihin rayuwa ba maroƙi ba ne, dole ya faɗi inda aka yi tuntuɓe. Makarantar Dawn ta afka cikin bashi, injin katakon ma bai daɗe yana kawo riba ba, daga baya ya durƙushe. Wasu baƙaƙen fata na Kanada, musamman 'yar jarida Mary Ann Shadd da jaridarta Provincial Freeman, sun soki shugabannin Dawn. Suna ganin yawon neman taimako da sunan bayin da suka gudo yana zubar da mutuncinsu, kuma ware kai a matsuguni na daban yana hana su cuɗanya da sauran jama'a. An kawo wani Bature daga Ingila, John Scoble, ya karɓi ragamar makarantar, amma al'amura suka ƙara dagulewa, har shi da Henson suka yi shekaru ana shari'a. An rufe makarantar a 1868, aka sayar da filayenta, kuɗin ya tafi ga wata makaranta a garin Chatham.

Duk da haka Henson bai bar mumbari ba. Ya ci gaba da jagorancin ikilisiya a Dresden a ƙarƙashin cocin British Methodist Episcopal, wadda baƙaƙen fatar Kanada suka kafa a 1856. A 1877 Sarauniya Biktoriya ta karɓi baƙuncinsa a fadar Windsor. Ya rasu ranar 5 ga Mayu, 1883. Bayan shekara 100 cif, a 1983, Kanada ta buga hotonsa a kan sarki, shi ne baƙar fata na farko da aka yi wa haka a ƙasar.

8.0 Darussa ga Ɗalibin Harshe

8.1 Wa ya riƙe alƙalami?

Labarin Henson ya fara fitowa a Boston a 1849, ɗan littafi ne da bai kai shafi 100 ba. Shi ya faɗa da baki, Samuel A. Eliot, tsohon magajin garin Boston, ya rubuta. An sake fitar da shi da ƙari a 1858, sannan a 1876 wani edita a Landan, John Lobb, ya fitar da wani bugun. Kowane bugu ya fi na baya kauri, kuma kowanne da irin masu karatun da aka nufa da shi. Saboda haka idan muka ce "Henson ya ce", sai mu tambayi kanmu: a wane bugu, kuma ta alƙalamin wa?

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a nazarin Hausa. Dorugu, wanda shi ma ya ɗanɗani bauta kafin ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, da baki ya ba J. F. Schön labarinsa, ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. Haka Baba ta Karo ta ba Mary Smith nata labarin, aka buga shi da Ingilishi a 1954. A duk waɗannan ayyuka murya biyu ce a shafi ɗaya. Aikinmu shi ne mu koyi rarrabe su: tsarin babi-babi da zaɓen abin da za a bari ko a cire galibi na marubuci ne, amma ƙananan bayanai na abinci da aiki da tafiya sun fi kusa da bakin mai labari.

8.2 Sauyin ma'ana

A 1852 Harriet Beecher Stowe ta fitar da ƙagaggen labarinta Uncle Tom's Cabin. A shekara ta gaba ta ambaci littafin Henson cikin abubuwan da ta dogara da su. Daga nan aka laƙaba masa sunan tauraron labarin, wato Kawu Tom, har bugun 1876 ya ɗauki sunan a bangonsa. A cikin littafin Stowe, Tom jarumi ne wanda aka kashe da duka saboda ya ƙi tona asirin wasu mata biyu da suka gudu. Amma masu wasan kwaikwayo suka yi shekaru suna nuna shi a dandali a matsayin tsoho mai rawar jiki a gaban Turawa. Sannu a hankali sunan ya koma zagi, ana jifan duk baƙar fatar da ake ganin ɗan koren Turawa ne da shi.

A ilimin ma'ana, abu biyu ne suka faru a nan. Sunan yanka ya zama sunan gama-gari, kamar yadda Bahaushe yake kiran azzalumi Fir'auna, har ya ƙirƙiri kalmar fir'aunanci. Sannan ma'anar ta gangaro daga yabo zuwa zagi. Tasirin wannan ya kai ga a 2022 aka cire sunan Kawu Tom daga gidan tarihin da ke Dresden, aka maye gurbinsa da sunan Josiah Henson.

8.3 Zaɓen kalma

Wanda zai ba da irin wannan labari da Hausa zai tarar harshen yana da kalmomi a shirye: gandu, rinji, sarkin gandu, murgu, fansar kai, ɗiyauci. Sai dai a yi hattara. Murgu, alal misali, kuɗi ne da bawa yake biyan ubangidansa don a bar shi ya yi aikin kansa, saboda haka bai dace da cinikin da Henson ya yi da Riley ba. Fansar kai ita ce daidai. Haka kuma na guji kiran Baturen da yake kula da bayi sarkin gandu, domin a ƙasar Hausa sau da yawa mai wannan muƙami shi ma bawa ne. Idan akwai wanda kalmar ta dace da shi a labarin nan, Henson ne da kansa a gandun Riley.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala na bi rayuwar Josiah Henson daga gandun Maryland zuwa kurmin Dawn. Mun ga yadda tsarin Metodis ya ba manomi damar jagoranci, yadda gona ta ba shi gindin zama, da yadda injin katako ya mayar da abin ƙonawa abin sayarwa. Mun kuma ga alkawarin da ya jefa mutum 18 cikin wahala, da bashin da ya rufe makaranta. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, a garuruwan da muke karatu akwai dattawa manoma da 'yan katako da jagororin addini waɗanda ba wanda ya taɓa ɗaukar labarinsu. Duk wanda ya tashi yin wannan aiki, ya rubuta ranar hira da wurinta, ya adana maganar dattijon yadda ya faɗe ta, ya kuma nuna wa mai karatu inda tasa muryar ta shigo.

Aikin Gwaji

1. Cikin jimloli biyar, bayyana hujjar Henson ta ƙin sauka a Cincinnati, sannan ka kawo hujjar waɗanda suka ce ya sauka.
2. Kawo sunayen yanka guda uku da suka zama sunayen gama-gari a Hausa, ka sa kowanne a jimla.
3. Ziyarci 'yan katako mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi 10 na sana'ar, ka rarrabe na asali da na aro.